Zafin da Dogo Bai Ji Ba

Zuwa ga ƙanena Auta, a jirgin kamun kifi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, teku kuma bai hana ka barci ba. Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi. Ɗanka Dogo yana gaishe ka. An sallame mu daga asibiti bayan tafiyarka da kaɗan. Jiki da sauƙi, har ya fara zama. Sai a ci gaba da addu'a.

Na je ofishin kamfaninku in ji yadda ake samunka a waya, wani mai ƙaton tumbi ya ce babu sabis a inda kuke, sai dai in rubuta takarda, ƙaramin jirgin da ke kai muku mai da abinci ya tafi da ita. To ga ni da tsufana na koma 'yar makaranta. In ka ga rubutun ya karkace, a kan teburin keken ɗinki nake yi, kar ka yi mini dariya.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne kwamfutar nan da ka bar masa. Ban san ko in gode maka ko in ja maka kunne ba. Ka ga yadda yaron nan ya koma tun da ya faɗo daga saman ginin da suke ɗora farantan sola. A gida abin ya fi haka muni. In kai abinci, in dawo in ɗauke shi yadda na ajiye. Abokan aikinsa sun ɗan yi zarya, suka ɗauke ƙafa, ban kuma ga laifinsu ba. Wa zai zauna da wanda ba ya amsa sallama?

Ran nan ina cikin yanka wani yadi sai na ji dariya daga ɗakinsa. Wallahi sai da almakashin ya suɓuce mini. Na leƙa, na same shi da filo a cinya, kwamfuta a kan filon, wani abu a kunne, yana ta faɗa da mutanen da ba na gani, wai wani ya tare masa hanya. Tseren mota suke yi. Mutumin da ko babur bai taɓa mallaka ba.

Tun daga ranar yake cin abinci. Har tsokanata ya dawo yi, wai ɗinkina ya tsufa, 'yan matan yanzu ba sa sa irinsa. Na ce da wannan tsohon ɗinkin aka yi maka wandon makaranta, mara kunya.

Sai dai kwanan nan fuskar ta fara komawa gidan jiya. Wai kwamfutar tana cije masa. Jiya ya ture faranti. Ni ban san kan abin ba, abin da na sani shi ne ba zan iya komawa wancan shirun ba, Auta, ina jin tsoronsa. Ya rubuta maka tasa takardar, ga ta na haɗa. Don Allah duk abin da ya tambaya ka amsa masa, tunda kai ne injiniyan gidan.

Ka dinga sa rigar sanyi.

Yayarka.

*

Kawu,

Barka da aiki. Ina fatan kifi yana kamuwa, ƙarar injin kuma ba ta kurmantar da kai ba. Jikina dai ga shi nan, Umma ta riga ta ba ka labari, ba sai na maimaita ba.

Kwamfutarka tsohuwa ce amma jaruma ce, ita ta haɗa ni da wasu mutum uku a gem ɗin tseren mota. Akwai Kyaftin, shi ne shugaba, ga faɗa ga kirki. Akwai Birki, sunan ya samo shi ne don tun kwana tana nesa yake taka birki. Sai Ɗan Makaranta, kullum yana da jarrabawa gobe. Mota ɗaya muke ja, kowa ya yi nasa zangon ya miƙa wa na gaba, in ɗaya ya ɓata ya ɓata wa kowa. Ba mu taɓa ganin juna ba. Abin da suka sani a kaina shi ne babu wanda ya kai ni iya shan kwana. Kyaftin ya ɗauka ni direban motar haya ne, na bar shi a haka.

Matsalar ita ce an sabunta gem ɗin, ya ƙara nauyi. Farkon tsere lafiya lau. Da an ɗan jima, motoci suka cunkushe a kwana, sai hoton ya daskare kamar ƙiftawar ido, kafin ya dawo na tsinci kaina a jikin bango. Na rage kyawun hoto har bishiyoyi sun koma kamar na kwali, na rufe duk wata manhaja, a banza. Da na bincika sai na gano furosesa ce, ƙwaƙwalwar kwamfutar. Kamfani ya sa mata takunkumi, ba ta shan wuta sama da wat goma sha biyar, alhali cikinta zai ɗauki fiye da haka. Tana fara gudu sai a ja mata linzami. Na ga ana iya ɗaga iyakar, amma kai ka san halinta, ba na so in kashe maka ita.

Akwai gasa a gabanmu, zagayen share fage sannan na ƙarshe. Kyaftin ya gaya mini, cikin mutunci dai, cewa in ban gyara ba akwai wani mai sabuwar kwamfuta yana jiran kujerata.

Kawu, a wajen nan kaɗai ake jirana. In na makara sai ka ji ana cewa, ina Dogo? Kar ka ce in yi haƙuri, kowa ya riga ka faɗa.

Ɗanka, Dogo.

*

Zuwa ga Yaya da ɗana Dogo,

Wa alaikumus salam. Takardunku sun iso ni lafiya, duk da sun sha warin kifi a hanya. Ni ma lafiya ƙalau, sai kewa. Rigar sanyi kuma, Yaya, a ɗakin injin nake, ko singileti nauyi take mini.

Da na karanta cewa ya fara zama, sai da na hau sama na tsaya a bakin jirgi don kar a ga idona. Na bar shi a kwance kamar itace, likitoci suna ta a jira a gani. Kukun jirgin ya tambaye ni me ya faru, na gaya masa, ya ce ai wanda ya zauna ya kusa miƙewa. Akwai takalman da na saya ban taɓa sawa ba, suna ƙarƙashin gadona a gidan, sawunmu ɗaya da shi. Ki goge masa su.

Dogo, yanzu ni da kai. Yaya, daga nan ba naki ba ne, kar kanki ya yi ciwo.

Ka yi bincike daidai, takunkumi ne. Amma kafin ka cire wa doki linzami sai ka duba ƙafarsa. A kai ta wajen mai gyara ya buɗe bayanta, ya busa ƙurar fanka, ya goge tsohon man da ke kan furosesa ya sa sabo. Caja kuma kullum a jone, batir kaɗai ba zai iya ba. Manhajar da kake nema tana ciki, a jakar da na sa wa suna "kar a taɓa", na kuma san ka riga ka taɓa. Za ka ga lambobi biyu, ta gajeren gudu da ta dogon gudu. Ta dogon ita ce taka. Ka kai ta ashirin, ka yi tsere ɗaya ka gani. In bai isa ba, ashirin da biyar. Daga nan ka tsaya, ko Kyaftin zai yi kuka.

Duk wutar da ka ƙara mata zafi za ta koma. Lambar zafin da manhaja ke nunawa ta furosesa ce kawai, ba ta san halin da batir da sauran kayan ciki suke ba, ni ban taɓa dogara da ita ba. A nan ɗakin injin agogunan awo sun fi ƙarfin ƙirga, amma babban injiniyanmu in ya shigo sai ya bi ƙarafan da bayan hannunsa tukuna. Fata ba ta ƙarya.

Yaya ta ce a kan filo kake ɗora ta. Ka cire shi yau ɗin nan, ta ƙasa take numfashi, filo toshe ta yake yi. Tebur ya fi, amma jinina ne kai, na san a cinya za ka ɗora ta kamar yadda nake yi. To hakan ma da amfaninsa, don gindinta ƙarfe ne, ba ya ɓoye komai. In zafin ya sa ka fara mutsu-mutsu kana ɗaga ƙafa, ta gaji, ka bar ta ta huta. In ba ka ji komai ba, ci gaba da tuƙinka.

Ka ci mana gasar nan. In na dawo, kai za ka zo tarbata.

Naku, Auta.

*

Auta,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya, kuma wannan karon da bakina cike nake faɗa.

Allah ya yi maka albarka. Na bi umarninka, ina kaiwa inda ka ce ba nawa ba ne na ninke takardar na miƙa masa. Ya daɗe yana karantawa, har na ga kamar ransa ya ɓaci, ya ɗago ya dube ni wani iri. Na ce lafiya? Ya ce babu komai, in kai kwamfutar wajen mai gyaran waya na bakin titi. Ƙurar da mutumin ya fitar daga cikinta, da auduga ce da na cika matashi.

Yanzu fankarta ihu take kamar injin niƙa, har maƙwabciyata ta leƙo tana tambaya ko sabon keke na saya. Filon ma ya jefar, wai kai ka ce. Amma cijewa ta tafi. Ranar share fagen nan na ajiye aikin mutane na zauna a bakin ƙofarsa. Ban gane komai ba, sai dai na ga wuyansa yana karkacewa duk inda motar ta karkata. Can sai ya buga ihu, ya cire abin kunnen ya manna mini, na ji ƙarti uku suna ta Dogo, Dogo. Sun haye zuwa zagayen ƙarshe. Na koma ɗakin ɗinki na sha kukana, na daɗi.

Tun daga nan atisaye suke yi, daga hantsi har rana ta faɗi. Ya sa an kira masa mai aski. Wanka ma yanzu ba ya bari in yi masa, sai dai in ajiye ruwa da tawul in ja ƙofa, shi zai goge jikinsa ya ja dogon wandonsa. Wai shi ba jariri ba ne. Juyin nan na safe da yamma kaɗai nake taya shi, da ɗaga masa ƙafafu in zan canza zanin gado. Kunya ta dawo, ka ga kuwa rai ya dawo ke nan.

Takalman na gani. Suna nan.

Yayarka.

*

Yaya,

Ina gaishe ki. Ki yafe mini gajartar gaisuwar, jirgin saƙo yana shirin juyawa, a tsaye nake rubutu.

Wane irin juyi kike taya shi? Me ya sa sai kin ɗaga masa ƙafafu? Kin ce mini ya fara zama. Na karanta takardarki har sai da ta fara yagewa a ninki, na koma na ɗauko ta farko, ban ga inda kika ce ya motsa ko da yatsa ba. Ni na ƙara sauran da kaina.

Yaya, ki gaya mini tsakani da Allah, in an tsunkule shi a cinya yana ji?

In ba ya ji, ki ajiye takardar nan yanzu, ki je ki ɗauke kwamfutar daga jikinsa, ko zai zage ki. Ki cire masa wandon ki duba da idonki. Kar ki yarda da maganar kunya. Ƙarfen nan ba sai ya yi ja yake cin mutum ba, a hankali yake dafa nama in an daɗe. Ni na ce ya cire filo. Ni na ce in bai ji komai ba ya ci gaba.

Allah ya sa tsorona ne kawai. Ki ba ni amsa ta jirgi na gaba.

Auta.

*

Auta,

Na amsa gaisuwarka. Ba zan ce maka muna lafiya ba. Daga asibiti nake rubutu, a kan gwiwata. Takardarka a nan maƙwabciya ta kawo mini ita, ihu bayan hari.

Zazzaɓi ya fara yi, ya ce mura ce. Sai wani wari a ɗakin, na wanke zanin gado, na wanke bokiti, na share ƙarƙashin gado ko ɓera ne ya mutu. Ranar da jikin ya yi tsanani har yana sambatu, na zo canza masa kaya, wandon ya ƙi fita. Ya manne. Da almakashina na yanka shi. Auta, cinyoyin nan biyu, daidai faɗin kwamfutar, har da shatar gefenta. Ashe tsumman da nake zubarwa na ragowar yadi yake tsinta yana ɗaurewa. Ina ɓare tsumman daga jikin naman ina kuka, shi yana kallon silin, ko gezau.

Nas ta tambaye ni tun yaushe, na ce ban sani ba. Ta dube ni ta ce, ba ke ce uwar ba? Gara ta mare ni.

A aljihun rigarsa na samu takardarka, na karanta wajen da ka ce ba nawa ba ne. In ba ka ji komai ba, ci gaba da tuƙinka. Da kana kusa a lokacin, wallahi da na shaƙe ka. Na zage ka a raina, zagin da ban taɓa yi wa ɗan'uwa ba. Kai da iliminka na ƙarfe, ka mai da cinyar ɗana ma'aunin injin.

Da na huce sai na ga ba ni da bakin magana. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Tun kafin a sallame mu likita ya kira ni gefe ya ce daga ƙugu zuwa ƙasa babu, kuma kar in sa rai. Zaman da na ce maka, da matasai uku nake tokare shi. Na ce kana can kai kaɗai tsakanin ƙarafa masu juyawa, in hankalinka ya rabu wani abin zai same ka. Gaskiyar kuma ita ce hannuna ya kasa rubutawa. Gani nake in na sa a takarda ya tabbata. Na yi gudun gara na faɗa gidan zago.

Likita ya ce ƙunar ta yi zurfi, ta kuma ruɓe, sai an kankare, wataƙila a yanko fata daga wani wajen a lulluɓe. Ya ce irin jikinsa ba ya saurin haɗewa. Yaushe za mu fita, bai ce ba.

Da ya farfaɗo, ka san abin da ya fara tambaya? Yau wace rana ce. Zagayen ƙarshen yake lissafi.

Yayarka.

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Ya jikin Dogo? Ya ƙarfin halinki? Wannan ce takarda ta biyu da na aiko ban ji daga gare ki ba. In don abin da na rubuta a waccan ne, cewa da kin gaya mini da ba haka ba, ki yafe. Ba ɗora miki nake ba. Da kaina nake, alƙalamin ya juyo ta wajenki. Ya kamata in tambaya. Na ga kalma ɗaya mai daɗi na rungume, don ita nake so in ji.

Na je wajen shugaban jirgi na nemi ya sallame ni. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce in na tafi wa zai riƙe masa injin, jirgin saƙo kuma ba ya ɗaukar fasinja. Sai kakar kamun ta ƙare. Na fito na koma ƙasa. Duk ƙarfen da na kai bayan hannuna in taɓa, sai in janye tun ban ji zafin ba.

Ga zane na yi a bayan takardar nan. Ki ba kafinta. Tebur ne mai ƙafa a kowane gefen gado, ya haye cinyoyinsa ba tare da ya taɓa su ba, da ramuka a saman don iska. Abin da ya kamata in fara aiko muku ke nan tun farko. A mayar da lambar zuwa ashirin, zai ishe shi.

Ki gaya masa in na sauka sabuwa zan kawo, wadda ba ta buƙatar a cire mata komai. Ya riƙe mutanensa kafin nan. Kar ya bari su tafi.

Ko layi ɗaya ne ki rubuto.

Ƙanenki.

*

Kawu,

Ina gaishe ka. Umma ta ce ba ta da abin rubutawa, shi ya sa na karɓi biron. Jiki yana nan. Kullum da safe suna zuwa su wanke ciwon, masu gadon kusa da ni suna kawar da kai, ni kuwa ko a jikina. Nas ta ce ban da ni babu wanda take wa wankin ƙuna yana hamma.

Ka daina cewa kai ne. Ina karanta takardarka na gane ba a gaya maka ba. Na iya karatu, Kawu. Na sa hannu a ƙarƙashin kwamfutar tun ranar farko, na ji abin da ke wurin. Na gwada faranti, yana zamewa a kwana. Na gwada littafi, fanka ta toshe, hoton ya cije. A cinya kaɗai take zama daram. Sai na ce to, ƙafafun nan tunda ba su da wani aiki, bari su yi wannan.

Kuma ban tsaya a ashirin da biyar ba. Talatin da biyar na kai ta. Ba ka ga yadda take tafiya ba, kamar ruwa.

Zagayen ƙarshe ya wuce ina nan da ƙarin ruwa a hannu. Na duba a waya daga baya. Mai sabuwar kwamfutar ne ya ja zangona. Na uku suka zo, abin da ba mu taɓa yi ba.

Suna ta turo saƙo. Ban buɗe ba.

Dogo.

*

Auta,

Gaisuwa. Na ga takardunka duka, ba fushi nake ba, gajiya ce. An sallame mu, ba don ya warke ba, sai don suna buƙatar gadon. Cinyar dama ta fara haɗewa, ta hagu ta ƙi. Ni nake wankewa yanzu, sun koya mini.

Kafinta ya yi teburin yadda ka zana, ya yi kyau, har ya goge gefunan don kar su karce shi. Na kai kwamfutar wajen mai gyara ya mayar da lambar. Ya buɗe, ya nuna mini batir ya kumbura kamar burodi, wani waje a ciki ya yi baƙi. Ya cire batirin, ya ce da caja za ta yi rubutu da kallon hoto, amma tsere kam ta gama. Ban yarda ba. Na kawo ta gida na ɗora a teburin, na lallaɓa shi ya gwada. Motoci suna jeruwa a layin tashi, ta ɗauke ɗif. Ya sake, ta sake. Sai ya naɗe wayar abin kunnen a hankali ya miƙo mini.

Na gaya masa maganar sabuwa. Ya ce kujera huɗu ce a motar, Umma, kuma ta cika. Na ce to ka gaya musu gaskiya mana, mutanen kirki ne, na ji muryarsu. Ya ce in ya faɗa, daga ranar ya zama wanda ake yi wa sannu, ko bango ya daka Kyaftin ba zai ƙara yi masa faɗa ba. Ya ce masu sannu sun ishe shi a gida.

Jiya da rana ya kira ni. Ya ce mutanen nan sun ƙi daina nemansa, Birki har cewa ya yi a ba shi kwatance ya zo ya duba ko lafiya. Yana so in rubuta musu saƙo da sunansa, don shi in ya buɗe wajen ba zai iya ba. Na ce ban iya ba. Ya ce zai nuna mini inda zan danna.

Na ɗauke teburin daga kansa na ajiye a ƙasa, na zauna a gaban kwamfutar. Yana faɗa ina neman haruffa. Wai ya samu aikin tuƙa babbar mota, ta doguwar tafiya, kullum yana hanya, yau wannan gari gobe wancan, ba zai ƙara samun lokacin gem ba. A ba sabon yaron kujerar gaba ɗaya. Na tsaya na ce, Dogo, wannan fa ƙarya ce. Ya dube ni kawai. Na sunkuyar da kai na ci gaba.

Ko tashi ban yi ba amsa ta fara shigowa. Kyaftin ya ce dama ya san hannun nan ya fi ƙarfin motar haya, Allah ya tsare hanya. Ɗan Makaranta ya ce in ya biyo ta garinsu ya danna masa hon. Birki ya ce ya dinga tsayawa yana miƙe ƙafa, doguwar tafiya tana kashe baya. Ina kallo sunansa ya fita daga jerin, na wani ya hau.

Daga kan gado ya ce, sun yarda? Na ce sun yarda, har suna taya ka murna. Ya ce, to ki ce musu na gode.

Na rubuta musu, Auta. Da yatsa ɗaya na rubuta.

Yayarka.